Update da upgrade: shin duka "sabuntawa" za mu ci gaba da ce musu?

Salam 'yan uwa masu amfani da Linux, akwai abin da ya daɗe yana damuna kuma ina so mu tsayar da magana ɗaya a kai. Duk inda aka ga update sai a ce sabuntawa, aka ga upgrade sabuntawa, patch ma sabuntawa. To wallahi abubuwan nan ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai san bambancinsu ba zai iya danna abin da zai cinye masa data da rabin yini yana zaton ɗan gyara ne na minti biyu.

Bari in fara da mai sauƙin. Patch ai muna da kalmarsa tuntuni, faci. Faci na taya, faci na riga, wuri ya huje an liƙe shi ba tare da an sauya abin gaba ɗaya ba. In aka gano ɓaraka a burauzar Firefox ko a kernel, wato zuciyar tsarin Linux, aka fitar da ɗan gyara ya toshe ta, facin tsaro kenan. Wannan kam ban ga abin jayayya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauran biyun. Ku ɗauki Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Tun Oktoba 2004 suke fitar da sabuwar siga duk wata shida, Afrilu da Oktoba, shi ya sa ma lambar take nuna shekara da wata, 24.04 na nufin Afrilun 2024. Duk shekara biyu kuma sai su fitar da wadda za su kula da ita shekara biyar. To mutumin da ke kan 22.04, kusan kullum akwai ƙananan abubuwa da ke shigo masa, burauza ta ƙaru, an gyara wata tangarɗa ta firinta, amma har yanzu yana kan 22.04 ɗinsa, fuskar kwamfutarsa ba ta canza ba. Wannan shi ne sabuntawa a wurina. Amma ranar da ya bar 22.04 ya koma 24.04, GNOME ɗinsa, wato fuskar kwamfutar, ya tashi daga 42 zuwa 46, kernel ya canza, wasu manhajojin da ya ɗauko daga waje ma sai an sake saita su, dole ya yi bakof, wato ya ajiye kwafin fayilolinsa, kafin ya fara, haba jama'a ta yaya za a kira wannan da suna ɗaya da wancan? Su kansu masu Ubuntu ba su tallata wa mutum wannan tafiyar ba sai da 24.04.1 ta fito, a watan Agustan 2024 kenan, don su ga ƙura ta lafa tukuna.

Ni abin da nake ba da shawara shi ne a ce wa upgrade "hawa". Na hau 24.04. Ka hau Debian 13 kuwa ko har yanzu kana 12 (Debian wani nau'in Linux ne)? Ku faɗa da bakinku ku ji, ya zauna daram, kuma gajere ne zai shiga cikin maɓalli.

Wani ɗan uwa ya kawo "ɗaukakawa" a matsayin fassarar upgrade. Na gode malam, kuma na san wasu na amfani da ita, amma ɗaukaka a kunnen Bahaushe daraja ce da girma, ko kuma ɗaukaka ƙara a kotu. In ka ce na ɗaukaka kwamfutata sai a tsaya ana kallonka. "Haɓakawa" kuma ta fi dacewa da aikin su masu rubuta manhajar, su ne ke haɓaka ta shekara da shekaru, kai da ke zaune kana danna maɓalli ba haɓakawa kake ba. Wata 'yar uwa ta ce "ƙarin girma", gaskiya ta burge ni da farko amma ba ta da kishiya mai daɗin faɗi.

Kishiyar ce ma ta sa na tsaya a kan hawa. Ku tuna abin da ya faru a Maris 2024, lokacin da wani mai rubuta manhaja, Andres Freund, ya lura shiga ta ssh, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗan jinkiri kamar rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a cikin manhajar matse fayiloli ta xz siga 5.6.0 da 5.6.1. Me masu rarraba Linux suka yi a take? Mayar da mutane suka yi kan tsohuwar siga wadda ba ta da cutar. Da a ce kalmarmu sabuntawa ce kaɗai, me za mu ce, an sabunta zuwa tsohuwa? Maganar ba ta haɗu ba. Amma in akwai hawa to akwai sauka, an sauko da xz zuwa tsohuwar siga, kowa ya gane ba sai an yi dogon bayani ba.

Yanzu ga tarkon da nake so masu fassara su kula da shi sosai, don nan ne na ga ana tuntuɓe. A Debian da Ubuntu da Linux Mint, umarnin apt update ba ya saka komai a kwamfutarka, jerin manhajoji kawai yake dubowa ya ga me ya fito. apt upgrade ne ke saka su. Kuma duk da sunansa upgrade, ba ya hawar da kai sabuwar siga, kana nan inda kake. A Ubuntu mai hawar da kai shi ne do-release-upgrade. Kun ga kenan su kansu masu Turancin kalmomin sun cakuɗe musu, to don me za mu kwaso ruɗaninsu mu zuba a namu harshen? Mu bi aikin da abin yake yi. Na farko duba jeri, na biyu sabuntawa, na uku hawa.

Haka KDE Plasma 6, wata fuskar kwamfuta irin GNOME, da ta fito a Fabrairu 2024, an bar Qt 5 an koma Qt 6 a matsayin tubalin gininta, Wayland ya zama shi ne tsarin nuna hoto da take farawa da shi, wannan hawa ne. Abin da ya biyo baya irin su 6.0.1 da 6.0.2 tarin faci ne, sabuntawa kenan.

Wanda ya tambayi yadda wannan rabe-raben zai dace da Arch, wani nau'in Linux, e malam ka taɓo wuri mai wuya. Su ba su da ranar hawa ko kaɗan, ka girka sau ɗaya sai dai ka yi ta sabuntawa har abada, manyan canje-canje da ƙanana duk ta hanya ɗaya suke zuwa. Ni "siga mai gudana" nake ce mata kamar ruwan rafi, ita kuma ta Ubuntu mai shekara biyar ɗin "mai dogon zango". Ta biyun na gamsu da ita, ta farkon ce har yanzu take ɗan yi min nauyi a baki, in akwai mai wadda ta fi ta don Allah ya ajiye mana a ƙasa mu gwada ta cikin jimla mu ji.