Wace kalma za mu sa wa kaburburan nan na cocin Ingila?

Jama'a ina neman kalmar Hausa ta abin da Turawa ke kira tomb monument, wato irin kaburburan nan na cikin tsofaffin coci-coci na Ingila da ake sassaƙa siffar mamaci a kwance a kai, hannaye haɗe kamar mai addu'a.

Wani ɗan'uwa ya ce a kira shi gunki. A'a Malam, gunki ai bauta masa ake yi, waɗannan kuwa ba mai yi musu sujada. An kawo hubbare ma, to amma mu da an ce hubbare hankali sai ya tafi Sakkwato wajen Shehu, wurin ziyarar bayin Allah ne, su kuwa waɗannan magana ce ta asali da dukiya da sunan gida.

Ku duba na Richard Beauchamp, basaraken Warwick da ya rasu a 1439. Ɗaki sukutum aka gina masa a cocin St Mary da ke Warwick, siffarsa ta tagulla an shafe ta da ruwan zinare yana sanye da sulke, sannan a jikin kabarin an jera ƙananan siffofin dangi da surukai cikin kayan makoki kowa da tambarin gidansu a ƙarƙashinsa, duk wanda ya shigo zai san da su wa aka haɗa jini, da su wa aka haɗa aure. A cocin garin Chichester kuma basaraken Arundel ne da matarsa Eleanor kwance riƙe da hannun juna, zaki a ƙafarsa, kare a ƙafarta.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne irin na wajajen 1600, uba da uwa a durƙushe ga 'ya'ya a jere, maza gefe mata gefe, wanda ya riga iyayensa rasuwa sai a sassaƙa shi riƙe da ƙoƙon kai, jariri kuma a naɗe cikin zane. Yaron da ko rarrafe bai fara ba amma iyaye sun ƙi yarda a cire shi daga lissafin gida.

Shi ya sa ni dai na tsaya a kan kushewar alfarma. Kushewa kowa ya san ta, alfarma kuma ta ɗauko isa da matsayin gidan da ake son nunawa. Mutum-mutumin kabari a bar wa siffar ita kaɗai, don bai haɗa da tambari da rubutu da ginin ba. Masu fassara a rediyo, ku gwada ta a baki ku faɗa mana, idan ta fito sau biyu cikin labari ɗaya ba ta yi nauyi ba?