Wai mai ba ya ƙarewa? Gardamar ƴan fadar Tawa

Na-Ƙonni: Assalamu alaikum ƴan uwa. Yau na ji bayanin da ya hana ni barci. Ashe tun lakkal anka yi muna rufa-rufa. Man fetur ba daga mushen halittu ya hito ba. Ƙasa ce da kanta ke dafa shi can cikin cikinta, shina tsattsafowa kamar ruwan rijiya, ka ɗiba ya dawo. Rashawa sun daɗe da sanin haka. Turawan Yamma ne sunka ƙago zancen wai zai ƙare, don su tsawwala mishi kuɗi. Mushe, kai ka koya muna zancen mushe, yau kai nike jira.

Mai Ruwa-ruwa: In ba ya ƙarewa, mi ya sa jarkokina sunka bushe?

Hajiya: Kai dai bari.

Mushe: Wa alaikumus salam. Na-Ƙonni, ranar da na yi darasin nan kana bencin baya kana cin ƙuli-ƙuli. Ban taɓa ce muku mai daga gawar manyan dabbobi irin ƙasusuwan da ke gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya fito ba. Abin da na ce shi ne gansakuka da ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya gani. Su mutu, su kwanta a ƙasan teku ko tafki cikin laka inda iska ba ta kai, laka ta hau kan laka har nauyi ya danne su kilomita biyu, uku, huɗu a ƙasa. Can zafi ya yi ta gasa su, tsakanin digiri 60 da 150, shekaru miliyoyi. In zafin ya wuce haka sai ya zama gas.

Na-Ƙonni: Teku? A Agadem, inda ake hiddo man ƙasarmu? Mushe, wurin da ko raƙumi sai ya yi shawara kahin ya shiga?

Mushe: Kai ɗan Adar ne ko baƙo? Ba ka taɓa hawan duwatsun wajen Keita ba ka ga yara na tsintar duwatsu masu siffar katantanwa da wuri? Wa ya kai su can? Farin dutsen da ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti, ka farfasa shi ka duba, ɓawon halittun teku ne a daskare. Akwai zamanin da ruwan gishiri ya ratso Sahara daga arewa har ya haɗu da tekun kudu, nan da muke zaune yana ƙarƙashinsa. Gawayin Salkadamna kuma tsirrai ne da ƙasa ta binne. Kwarin Termit inda Agadem yake ya sha teku, daga baya ya sha tafkuna. Hamadar ce baƙuwa.

Na-Ƙonni: To na ji, an yi teku. Amma wanga bai rushe maganata ba. Mendeleev, wanda ya jera sinadarai a allon da ka sa munka hardace, shi da kanshi a 1877 ya ce mai daga cikin ƙasa ya ke haɗuwa, ba ruwanshi da mai rai. A 1951 wani masani, Kudryavtsev, ya sake tada maganar a Tarayyar Sobiyet. Sannan akwai wani wata mai suna Titan da ke kewaya duniyar Zuhal, tafkunan gas ne kwance a kanshi. Wace gansakuka ta mutu can? A Biyetnam kuma cikin falalen dutse ake hiddo mai, ba cikin laka ba. Amsa min waɗannan.

Direban Tanka: Kai, yaron nan ya yi shiri.

Mushe: Ya yi, kuma ba zan ci amanar ilimi ba. Na Titan gaskiya ne. Iskar gas mai sauƙi irin metan tana iya haɗuwa ba tare da mai rai ba, ko a duniyarmu ana samun kaɗan. Gardamar a kan ɗanyen man da ake lodawa jirgi ne. Shi wannan an bincike shi. A shekarun 1930 wani Bajamushe, Alfred Treibs, ya samu a cikin ɗanyen mai ragowar sinadarin nan da ke sa ganye ya yi kore. Kamar ka tsinci gashin akuya a miya ne, a ce maka ba a yanka komai ba.

Kuma an gwada maganarka da kuɗi, ba da baki ba. Thomas Gold, masanin taurari, ya yarda da ita har ya shawo kan mutanen Suwidin suka haƙa a wani wuri da ake kira Siljan tun daga 1986, cikin tsantsar dutse, suka nutsa fiye da kilomita 6. Ɗan abin da ya fito ana ta musu ko daga man da aka zuba wa injin haƙar ne. Rijiyar kasuwa dai ba a samu ba. Na Biyetnam, dutsen ya tsattsage ne, man ya malalo cikinsa daga lakar da ke maƙwabtaka da shi. Su Rashawan da kake kafa hujja da su, mafi yawan mansu daga yammacin Saiberiya yake, kwari ne na tsohuwar laka.

Bari in kawo maka gida. Damagaram a kan falalen dutse take zaune, kowa ya san duwatsun Zinder. Matatar SORAZ tana nan kusa. In dutse na haifar mai, me ya sa ƴan Sin ba su haƙa a bayan matatar ba, suka ja bututu na kilomita fiye da 460 daga Agadem? Kuɗi ne ya yi musu yawa?

Hajiya: Wannan ta shiga.

Malam: Ni dai abin da zan ce, kada wani ya mai da wannan zancen imani. Ko daga gansakuka ko daga dutse, Mai halitta ɗaya ne, kuma Yana yin abu da sababi. Ku ci gaba, ina saurare.

Na-Ƙonni: Allah shi gafarta Malam. To mu aje asali. Rabin maganata na biyu fa? Tun yaushe ake cewa zai ƙare? A 1956 wani Hubbert ya ce man Amurka zai kai ƙarshen hawanshi wajen 1970 ya fara gangara. Yau Amurka na hiddo ganga sama da miliyan 13 a rana, ta hi kowa a duniya. A 1973 Larabawa sunka rufe famfo, ganga ta tashi daga wajen dalar Amurka 3 zuwa kusan 12. Rijiya ce ta ƙafe? A Afrilun 2020, lokacin korona, farashi a Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri, mai kaya ke biya a kwashe mishi. Benezuwela ta hi kowa mai a ƙasa, mutanenta na gudun yunwa. Ƙaranci a teburi ake ƙera shi.

Mushe: Nan kam ka fi kusa da gaskiya. Sai dai Hubbert bai yi ƙarya ba a zamaninsa, man Amurka ya kai ƙololuwa a 1970 ya yi ta raguwa shekaru sama da talatin. Abin da ya dawo da shi dabara ce ta fasa dutsen laka da ruwa mai ƙarfi, wato an koma ga uwar da ta haifi man, ba tsofaffin rijiyoyi ne suka cika ba. Ka tambayi mutanen Oloibiri a Najeriya, inda aka fara samun mai a 1956, ko tasu ta sake cika. Duniya na shan wajen ganga miliyan 100 kullum. Ko da ƙasa na ɗiga sabo, ɗigon bai kai ya jiƙa maƙoshi ba.

Direban Tanka: Ku bar Titan ku sauko Tawa, ni da nake kan hanyar Zinder zan gaya muku. SORAZ tun da aka buɗe ta a 2011 ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana. Da can ba mu ji ƙarancin ba, don rabin baburan garin nan man Najeriya suke sha, mai arha, ta Illela da Ƙonni. Ran 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Man can ya yi tsada, kowa ya dawo gidan mai. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499. Masu sha suka ƙaru, matata tana nan yadda take. Shi ne layin da kuka gani a Maris 2025, har sai da aka shigo da tankoki daga Najeriya.

Mai Ruwa-ruwa: Dala ɗari ba tamma ɗaya! Ita ta kashe muna kasuwa. Da mu ka kawowa daga can, yanzu ruwa ya juya.

Hajiya: Abin da ni ban gane ba, ana ce mana muna fitar da mai waje, ni kuma na kwana biyu ban samu na injin markaɗe ba a lokacin.

Direban Tanka: Hajiya, wancan ɗanye ne, ba ya shiga inji. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a Benin, kusan kilomita 2,000, an yi shi don ganga 90,000 a rana, jirgi ya ɗauka ya tafi. Shi ma kin ga yadda aka yi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakarmu da Benin ta rufe, a Mayun 2024 shugaban Benin na lokacin, Talon, ya hana lodi sai da ƴan Sin suka shiga tsakani, a Yuni kuma aka fasa bututun. Ga dalar Amurka miliyan 400 da aka karɓa hannun CNPC, kamfanin mai na ƙasar Sin, a Afrilun shekarar, da man za a biya.

Hajiya: Wato an ci kuɗin tun tunkiya ba ta haihu ba.

Na-Ƙonni: Kun gani? Siyasa ce, abin da nike faɗi ke nan tun ɗazu.

Mushe: Ɗazu cewa ka yi dutse na haihuwa. Kada ka sauya riga a tsakiyar kokawa.

Na-Ƙonni: Ban sauya ba. Kilomita 6 kawai sunka haƙa, ƙasa kuwa zurfi gare ta. Ban yarda ba tukuna.

Mushe: To ranar Lahadi ka ɗauke ni a babur mu tafi wajen Keita, in sa maka katantanwar a hannu.

Na-Ƙonni: Na yarda, in Mai Ruwa-ruwa zai ba ni lita ukku bashi.

Mai Ruwa-ruwa: Na watan jiya ma ba ka biya ba. Kawo kuɗi hannu, kuma ka zo da kwalbarka.