Wai me za mu kira surname da Hausa? Mu fara daga sunan Smith

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Kalmar surname ɗin nan da take kan kowane fom, na banki ne, na NIN ne, na fasfo ne, na makaranta ne, kusan kowa "sunan mahaifi" yake fassara ta ya wuce abinsa. Ni dai ban gamsu ba, kuma zan kafa hujja da suna ɗaya na Turawan Ingila, wato Smith, sai ku taya ni dubawa.

Smith ba komai yake nufi ba illa maƙeri, tsohuwar kalmarsu ce. A da can mutanen Ingila suna ɗaya kowa yake da shi, sai bayan da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci ƙasar a 1066 manyan masu filaye suka fara jingina sunansu da garuruwan da suka mallaka, a hankali abin ya gangaro kan talakawa, zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu sunan da ɗa yake karɓa daga uba. Dalilin kuwa sunayen yankansu ba su da yawa, ka shiga ƙauye ka tarar da John da William da Richard da Robert da Thomas sun cinye mazan garin, toh mai rubuta haraji ko alƙalin da zai raba gona dole ya bambance wane John ake nufi, sai a ce John maƙeri, John ɗan William, John na kan tudu, John gajere. A takardun kuɗin kai da aka karɓa a 1377 da 1379 da 1381 ana ganin irin waɗannan sunaye birjik. Daga nan ne aka samu na sana'a irin su Taylor tela da Baker mai gasa burodi da Miller mai niƙa, da na uba irin su Johnson, da na wuri irin su Hill, da na siffa irin su Brown da Short.

Inda nake so ku lura shi ne nan. John maƙeri ya rasu, ɗansa ya gaji maƙera ana ce masa Smith, ba matsala ai maƙerin ne. Jikan kuma ya watsar da masaba ya koma fataucin ulu, bai taɓa zuga zugazugi ba, amma har yanzu Smith ake rubuta masa, shi da ƴaƴansa da jikokinsa har shekara 600 ta wuce. Ranar da aka kira wanda ba ya ƙira da Smith, ranar abin ya zama surname. Yau kusan mutum 1 cikin 100 a Ingila Smith ne, shi ne na ɗaya a can da Amurka da Ostiraliya, ƙidayar Amurka ta 2010 ta samu sama da mutum miliyan 2.4 masu shi. In mahaifin mutum Peter Smith ne, toh sunan mahaifinsa Peter, shi Smith ɗin mahaifin ma tarar da shi ya yi. Kenan ina sunan mahaifi a nan?

Ƴar Damagaram:
Wa alaikumus salam yaya, gaskiya ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu nan Nijar takardunmu da Faransanci suke, nom da prénom ake rubutawa, nom a gurbin surname, prénom a gurbin sunan mutum na kansa, kuma a wajen nom ɗin galibi sunan baba ake sawa, shi ya sa har shugabanni ma za ka ga wani wuri an rubuta Hamani Diori wani wuri Diori Hamani, haka Tandja Mamadou da Mamadou Tandja, baƙo ya rasa wanne ne na gaba. Wani abu kuma, ita surname ɗin daga Faransanci ta fito, sur wato a kan, nom wato suna, sunan da aka ɗora kan suna kenan, amma yanzu a Faransanci in ka ce surnom laƙabi kake nufi, shi wannan da kake magana nom de famille suke ce masa. Ni dai ina ga mu ce sunan iyali kawai a huta.

Ɗan Fagge:
Ƙanwata sunan iyali ya fi sunan mahaifi kam, amma iyali a Hausa ai matar mutum ce da ƴaƴansa, waɗanda yake ciyarwa, in aka ce "ya iyali" ba wanda zai tuna kakan kakansa. Shi kuwa wannan suna tsayinsa ne abin dubawa, yadda yake gangarowa daga kaka zuwa jika zuwa tattaɓa-kunne. Sunan gida ma na yi tunaninsa, sai na tuna mun riga mun ba shi aiki, shi ne irin su Mami da Abba da Ummi da ake kiran yaro da su a cikin gida.

Almajirin Zaure:
Allah ya ƙara basira. Me zai hana mu koma wa abin da muke da shi a littattafai, laƙabi? Larabawa da yawa a takardunsu haka suke kiran wannan gurbin, kuma su ma suna da Haddad wanda shi ne Smith ɗinsu sak, maƙeri. Ko kuma nasaba.

Ɗan Fagge:
Allah gafarta malam, laƙabi a bakin Bahaushe na mutum ɗaya ne, da shi ake binne shi. Ga misali a kan Smith ɗin kansa. Gwamnan Arewa na zamanin Turawa da ya bar aiki a 1957, Sir Bryan Sharwood-Smith, mutanenmu Mai Wandon Ƙarfe suke ce masa, wannan laƙabi ne, nasa ne shi kaɗai, ba wanda zai kira ƴaƴansa da shi. Amma Smith ɗin ya tarar da shi ya kuma bar wa na baya. In muka kira duka biyun laƙabi yaya za mu raba su? Sannan ga marigayi Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, da ya musulunta sunan yankansa ya canza ya koma Abdullahi, Smith na nan daram, don ba shi ya zaɓa ba, na iyaye da kakanni ne. Nasaba kuma jeri ce, wane ɗan wane ɗan wane, kowane tsatso sunan yana canzawa, wannan kuwa suna ɗaya ne da ba ya motsi.

Mai Shayin Sabon Zango:
Ni tambayata daban ce ranka ya daɗe, me ya sa maƙeri ne ya fi yawa? ai manoma sun fi maƙera yawa a ko'ina

Ɗan Fagge:
Yawwa, tambaya mai kyau. Yawan nasu ne ya hana su, in kowa a gari manomi ne kace John manomi ba ka bambance kowa ba. Maƙeri kuwa ɗaya ne ko biyu a ƙauye amma babu ƙauyen da zai rayu ba shi, shi zai ƙera bakin garma, da ƙusa, da lauje, da takalmin ƙarfen da suke buga wa dawakai a kofato, in yaƙi ya taso takobi da mashi. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san abin da nake faɗa, yaro na gefe yana zuga, gawayi ya yi jajir, maƙeri ya sa awartaki ya zaro ƙarfen ya ɗora kan uwar maƙera yana dukansa da masaba tartsatsi na tashi, manoma sun jeru da fartanyoyinsu ana gab da shuka kowa na jiran a zo kansa. Mutum irin wannan duk gari an san shi da sana'arsa. Toh ka lissafa dubban ƙauyuka kowanne da nasa, kuma kalmar ta haɗa maƙeran baƙi da na fari da masu aikin zinare, kaman yadda mu ma muka raba su. Shi ya sa ba Ingila kaɗai ba, Jamusawa na da Schmidt, Faransawa Lefèvre, Italiya Ferrari, Rasha Kuznetsov, duk maƙeri ne, kuma Jamusawa da dama da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun mai da Schmidt ɗinsu Smith, ya ƙara yawa.

Wannan ne ma ya sa nake ɗari-ɗari da sunan dangi. Masu Smith ba dangin juna ba ne, maƙerin wani ƙauye a arewacin Ingila da na wani a kudu ba su haɗa komai ba sai wuta da ƙarfe.

Abin da nake ba da shawara shi ne SUNAN GADO. Muna da sunan yanka wanda aka raɗa maka ranar suna, toh ga abokin tafiyarsa, wanda ba a yanka masa rago ba, tarar da shi ka yi.

Bafillacen Garwa:
Ni na goyi baya, don mu muna da abin tun tuni, yettoore muke ce masa, Jallo da Bah da Soh da Bari, kuma duk wanda ya san Fulanin Gine da Mali ya san ba sunan uba ba ne, ana haifarka da shi ne. In zan yi wa Bahaushe bayaninsa dama cewa nake suna ne da ake gada. Sai dai sunan zuri'a fa? ina jin ana faɗarsa nan da can

Ƴar Damagaram:
Ni matsalata da sunan gado a rubuce ne yaya, wani zai karanta ya ɗauka gadon kwanciya. Na biyu kuma matan Turawa ai in sun yi aure sunan miji suke ɗauka, wadda ta zama Smith ta hanyar aure ai ba gada ta yi ba.

Ɗan Fagge:
Na farkon ba ya ba ni tsoro, kullum muna rubuta rabon gado da ɗan gado da sana'ar gado da sarautar gado, ban taɓa jin wanda ya tafi wajen kafinta ba. Na biyun ya fi ƙarfi, amma gwada jimlar ki ji: ta ajiye sunan gadon gidansu ta ɗauki sunan gadon mijinta. Ta zauna lafiya ai. Gwada da ɗayan kuma, ta ɗauki sunan mahaifin mijinta, kin ga an koma wata magana daban, an ce ta ɗauki Peter.

Sunan zuri'a kuma ban ƙi shi ba malam, shi ne na biyu a wurina, amma akwai inda yake yin ƙarya. Fiye da kashi 20 cikin 100 na masu sunan Smith a Amurka baƙaƙe ne, kuma da yawa daga baƙaƙen Amurka sunayen da suke ɗauke da su daga zamanin bauta suka samo asali, wasu na iyayen gijin da suka mallaki kakanninsu ne, wasu kuma kakannin ne suka zaɓa bayan an ƴanta su a 1865. Abin da ya sa Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ya yar da Little, sunan da ya gada, kenan ya sa X a madadin sunan da aka raba kakanninsa da shi. Mutum irin wannan in ka ce masa Smith sunan zuri'arsa ne ka jingina shi da wani maƙerin Ingila da bai haɗa jini da shi ba, amma in ka ce sunan gado ne ka faɗi gaskiya, ya gada, ko da daɗi ko ba daɗi, ai har bashi ana gada.

Almajirin Zaure:
Na sauka daga kan laƙabi, hujjar Mai Wandon Ƙarfe ta kama ni. Amma ina da sharaɗi, kada sabuwar kalma ta sa mutanenmu su ɗauka dole sai sun ƙirƙiro irin wannan suna su ture na iyayensu. Aya ta 5 a Suratul Ahzab cewa ta yi a kira su da iyayensu maza, kuma matan Musulmi tun asali ba sa barin sunan ubanninsu saboda aure.

Ɗan Fagge:
Wallahi malam wannan shi ne ma babban dalilina. Muddin muna cewa surname sunan mahaifi ne, toh mun rufe wa kanmu ido cewa tsari biyu ne daban, namu da nasu. Namu sunanka, sai na babanka, sai a ƙara gari ko unguwa in ana so, Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a Sudan suna huɗu ake jerawa har kakan uba, mutanen Iceland ma da suke Turawa yawancinsu har gobe sunan uba suke amfani da shi. Fom ne aka zana don masu Smith aka miƙo mana, sai ka ga yaro a takardar firamare an sa masa sunan baba a gurbin, a ta sakandare sunan kaka, a banki sunan gari, ranar da zai nemi aiki ko biza a ce masa mutum uku ne, ya kama hanyar kotu yin rantsuwa. In da malamin da ya cike masa fom ɗin farko ya san gurbin nan na sunan da ba ya canzawa ne, da ya tambayi uban yaron wanne kuke so ya zauna masa har abada.

Kuma mu ma muna da gidajen da abin ya riga ya faru. Alhassan Ɗantata ya rasu tun 1955 amma jikoki da tattaɓa-kunne Ɗantata suke amsawa. Ƴar'aduwa unguwa ce a Katsina, Musa ya ɗauka, Shehu da Umaru suka ɗauka, ƴaƴansu suka ɗauka. Waɗannan sunan gado ne cikakke, irin hanyar da Smith ya bi ce, kawai dai tasu ba ta kai shekara 600 ba.

Bafillacen Garwa:
Toh a tsayar mana da magana. In ana fassara fom me za a rubuta?

Ɗan Fagge:
A labari ko fassara ko aji, sunan gado: "Smith shi ne sunan gado mafi yawa a Ingila." A fom kuma tunda yawancinmu ba mu da shi, a rubuta "sunan gado ko sunan mahaifi", mai Ɗantata ya sa Ɗantata, mai Musa ya sa Musa, a ƙara gargaɗi a ƙasa cewa duk wanda ka sa yau shi za ka riƙa sawa a sauran takardu. Gurbin farko kuma sunan yanka.

Ƴar Damagaram:
Na karɓa yaya, mu ma nom ɗinmu ya samu Hausa kenan, prénom kuma sunan yanka. Saura na tsakiyan nan da ke fom ɗinku na Najeriya, wasu na sa sunan baba wasu sunan rana irin su Ɗanladi da Talatu, shi ma sai an zauna a kansa.