Wane ra'i zan ɗora bincikena a kai?

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta kundin digiri kan abin da ke mayar da matasa ga aikata laifi bayan an sallame su daga gidan yari. Na ɗora aikin kan ra'in masanin zamantakewa Merton, mai duba aikin ya ce bai dace ba. Don Allah ina gizo ke saƙar, kuma wanne zan ɗauka?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Malaminki ya yi gaskiya. Hujjar Merton a 1938 ita ce al'umma na kwaɗaita wa kowa arziki, amma ba kowa ke samun halastacciyar hanya ba, sai wasu su bi ta ɓarauniya. Wannan ra'i dalilin laifin farko yake bayyanawa, ke kuwa komawa ga laifi kike tambaya. Ra'in wani masanin, Lemert, kike nema. A 1951 ya raba kauce wa ƙa'ida gida biyu: wanda mutum ya yi bai ɗauki kansa mai laifi ba, da wanda ke biyo baya, bayan an kama shi an laƙaba masa "ɓarawo", aiki ya gagara, mutanen kirki suka guje shi, har ya rungumi sunan. Wannan shi ne ra'in laƙabi, kuma masani Becker ya faɗaɗa batun a 1963.

Dakta Amina: Haka ne Malam, sai dai ra'in laƙabi na da gurgun ƙafa: bai faɗi dalilin da wasu ke shan sunan kuma su shiryu ba. Hauwa, ki toshe giɓin da ra'in masani Hirschi na 1969. Igiyoyi huɗu ya ce ke riƙe mutum: shaƙuwa da iyali, abin da zai rasa in an kama shi, shagaltuwa da sana'a ko karatu, da yarda da doka. Kowace ki ba ta sashe a takardar tambayoyinki. Kuma dole ki tambayi rukuni biyu, waɗanda suka koma da waɗanda ba su koma ba. Rukuni ɗaya ba ya nuna sanadi.

Usman: Ƙari kaɗan, 'yar uwa. Kada ki dogara da rajistar 'yan sanda kaɗai. Wanda aka sake kamawa take ƙirgawa, ba wanda ya sake yi ba, kuma tsohon fursuna aka fi sa wa ido. Ki fayyace ma'anar "komawa" tun a babi na ɗaya: sake kamu ko sake ɗauri, kuma cikin shekara nawa.

Hauwa: Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Merton fa, in cire shi ɗungurungum?

Dakta Amina: A'a, bar shi a bitar ayyukan magabata, sakin layi ɗaya ya isa.