Neman kalmar Hausa: me za mu kira "fasturu" na katin hoto?

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimako, kuma lokaci ya ƙure mini. Ranar Asabar nake da darasi, takardar darasin kuma dole ta isa wurin mai bugawa kafin magaribar Alhamis. Da Hausa nake rubuta ta, domin na lura duk abin da na faɗa wa ɗalibaina da Turanci haddacewa kawai suke yi, ranar da na'ura ta ƙi aiki a gabansu sai su tsaya cirko-cirko.

Ga batun. Kwamfutarmu tana kan Linux, a cikinta muke tayar da Windows ta hanyar QEMU da KVM, manhajojin da ke tayar da kwamfuta a cikin kwamfuta. Ta wajen na kira ta mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa, waɗannan sun zauna daram. A al'ada baƙuwa ba ta taɓa katin hoto na gaske, wato ɓangaren kwamfutar da ke sarrafa hoton da ke fita a allo. Na kwaikwayo ake ƙirƙira mata, wanda ya isa rubutu da lissafi amma ba ya ɗaukar zanen gini ko tace bidiyo. In ana son aiki mai nauyi sai a ɗauki katin gaske sukutum a damƙa mata, mai masauki ta cire hannunta. Wannan damƙawar ce masu sana'a ke kira fasturu, ita nake nema wa suna. Sai kuma direba, wato manhajar da ke tuƙa katin. A bar shi haka ko a canza?

Mai gyara, Gusau:
Wa alaikumus salam Malam. Ka rubuta fasturu, ka rubuta direba, ka huta. Yaran nan kasuwa za su fito, in sun je neman bayani ko sayen kaya da waɗannan sunayen za a yi musu magana.

Malamar Hausa, Gwandu:
"Miƙa kai tsaye" zai yi a matsayin aikatau: mun miƙa mata katin kai tsaye. Matsalar sai an zo suna. "Miƙawa kai tsaye" ta yi tsawo a kan take, kuma ba ta ɗaukar ɗafa-ƙeya da daɗi.

Dattijo, Argungu:
Sallama gare ku. Ni na yi shekaru ina fassarar labarai, kuma jikana ya nuna mani wanga aiki da idona. Kalmar ita ta zarcau. Daga zarce. Umurni ya taso daga baƙuwa, bai yada zango wurin mai masauki ba, ya zarce ga kati. Gajera ta, Bahaushiya ta, yaro na jin ta ya riƙe. Kuma tun da an zo nan, Malam, mi ya kawo kwamfuta cikin takardar da ka ce ta Hausa ta? Na'ura mai ƙwaƙwalwa munka gada gidan rediyo.

Ɗalibi, Ƙauran Namoda:
Baba, a gafarce ni in sa baki. Abin da kuka faɗa gaskiya ne daga ɓangaren baƙuwa, amma mai neman gyara daga ɓangaren mai masauki yake farawa, can kuwa babu abin da ke zarcewa. Katin yana nan a raminsa, mallaka ce ke sauya hannu. Da farko sai an shiga BIOS, wato saitin da kwamfuta ke farawa da shi, an kunna IOMMU, abin da ke ba da damar damƙa wa baƙuwa kayan gaske: sunansa VT-d in Intel ce, ko AMD-Vi in AMD ce. A Intel akan ƙara intel_iommu=on a layin tayar da Linux. Daga nan a buga lspci -nn a samo lambobin katin, na NVIDIA suna farawa da 10de, na AMD da 1002, a ba vfio-pci, direban da ke riƙe wa baƙuwa katin, waɗannan lambobin don ya riga kowa kama katin tun wurin tashi. In nouveau ko amdgpu, wato direbobin da Linux ke tuƙa katin da su, ya riga shi, shi ke nan, mai masauki ta riƙe kayanta, baƙuwa ta tashi hannu wofi. Sau uku wannan yana faruwa da ni kafin in gane. Kalmar da za ta taimaki ɗalibi ita ce wadda za ta sa ya tambayi kansa: yanzu katin nan a hannun wa yake?

Injiniya, Talata Mafara:
To ai wannan tambayar manoma sun daɗe da amsa ta. Gona tana wurinta ba ta motsi, amma wani ke noma ta. Ko dai aro, ko haya, ko jingina. Ni jingina ta fi kwanta mini, domin mai gona ba ya sa fartanya a ciki har sai ta dawo hannunsa, haka ita ma mai masauki ba ta iya nuna ko ɗigo ɗaya da katin da ta bayar. Shi ya sa ake so a sami kati na biyu, ko ɗan ƙaramin da ke haɗe cikin furosesa, ta riƙa lallaɓawa da shi.

Malamar Hausa, Gwandu:
Jingina da bashi take tafiya, Injiniya. Wane kuɗi baƙuwa ta ba mai masauki? Aro ya fi tsabta. Baba kuma, da girmamawa, zarcau tana da matsala ta ƙira. Kalmomin da ke ƙarewa haka mai hali suke nunawa: mantau, makarau, gagarau. Duk wanda ya ji zarcau zai ɗauka wani ne mai yawan wuce inda aka ce ya tsaya. Ita kanta zarce tana da ƙanshin wuce iyaka.

Dattijo, Argungu:
Ɗiyata, sanƙarau mutum na?

Malamar Hausa, Gwandu:
A'a Baba, ciwo ne. Amma shi ma mai aikatawa ne, shi ke sanƙarar da wuya. Mu kuwa sunan aikin muke nema, ba mai yin sa ba.

Dattijo, Argungu:
Ƙa'idodin nan naku a littafi anka tsara su bayan mutane sun gama magana. Aro kuma da kuke yabo, ai shi na ciwonmu. Kalmar aro, tufar aro, yanzu ga katin aro. Zanen aro ba ya rufe katara. Kuma in faɗi abin da ke raina: da wani farfesa ya furta zarcau daga Kano, da yanzu kowa shina rubuta ta. Don ta fito daga bakin Bakabe shi ya sa ake auna ta da mudu.

Mai gyara, Gusau:
Wannan kam akwai gaskiya ciki. Mu in munka ce "shina" a rubuce sai a gyara muna, kamar ba Hausa ba ta.

Malamar Hausa, Gwandu:
Ni 'yar Gwandu ce, a gida "munka" da "sunka" nake yi, kuma ina alfahari da haka. Waƙoƙin masu jihadi da wannan karin aka rubuta da yawansu. An gina daidaitacciyar Hausa bisa karin Kano, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma ni ma yana ci mini rai in ga ana ɗaukar namu kamar kuskure. Amma ƙirar da na yi magana a kanta ɗaya take a Kano da Kabi. Sannan Baba, na'urar da kuke so a maye kwamfuta da ita, daga Larabci ta zo. Umurni da kuka rubuta a sama, shi ma haka.

Dattijo, Argungu:
Larabci ya kwana ɗaruruwan shekaru gidanmu, ya zama ɗan gida. Kada ki haɗa shi da baƙon jiya.

Injiniya, Talata Mafara:
Mota da direbanta da injinta ma sun kwana, Baba. Yaushe baƙo ke zama ɗan gida, wa ke yanke wannan?

Mai gyara, Gusau:
Masu digiri ke yankewa, mu da ke ƙona yatsu da dalma sai dai mu ji a rediyo. Kalma nawa aka ƙirƙira a taro da ba wanda ya taɓa furta ta a bakin shago?

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi:
Jama'a, don Allah. Yau Laraba. Duk abin da ake faɗa yana da muhimmanci kuma zan so a buɗe masa zaurensa daban, amma ni shafi huɗu ke gabana. Bari in kawo matsalolin da darasin zai taɓa, a gwada kowace kalma a kansu, wadda ta ɗauki nauyin ita ce tamu.

Ta farko, baƙuwa ta tashi amma allo baƙi ƙirin. Sau da yawa ba wata babbar cuta ba ce: hoton yanzu ta bakin katin da aka bayar yake fita, ɗalibi kuwa yana kallon tagar da ke kan allon mai masauki. Sai an jona waya a katin kansa. Wani lokaci kuma an tayar da baƙuwar da tsohon salon BIOS ne maimakon na zamani da ake kira OVMF. Ta biyu, Windows ta ga katin amma ta sa masa alamar gargaɗi da lamba 43. Ta uku, an kashe baƙuwa, an zo sake tayar da ita, katin ya ƙi farkawa sai an kashe kwamfutar gaba ɗaya.

Ɗalibi, Ƙauran Namoda:
Malam, ta ukun nan ita ta sa na koma bayan aro. Sananniyar matsala ce a katunan AMD na zuriyar Polaris da Vega da farkon Navi, har aka rubuta wata 'yar manhaja mai suna vendor-reset dominta. Da kalmar aro bayanin jimla ɗaya ne: an dawo da kayan aro amma ba yadda aka karɓe su ba, don haka ba su sake aruwa. Da zarcau ban san yadda zan faɗi dawowa ba.

Akwai kuma ta huɗu da ba ku ambata ba, wadda ta fi cin lokaci. IOMMU yana kasa kayan cikin kwamfuta rukuni-rukuni, kuma ba a ba da rabin rukuni. Katin hoto yana tafe da ɓangarensa na sauti, wanda ke bi ta HDMI, dole su tafi tare. In an yi rashin sa'a allon uwa, wato babban allon da ake soke kayan kwamfuta a kansa, ya cusa katin intanet ko wani abu cikin rukunin, to ko a sauya wa katin rami, ko a ba da su duka. Akwai wani faci mai suna ACS da wasu ke yi wa Linux don raba su da ƙarfi, amma yana rushe katangar da ke tsakanin baƙuwa da mai masauki, ni ba zan koya wa masu farawa shi ba.

Injiniya, Talata Mafara:
Wannan ai gandu ne. 'Yan gandu ɗaya, ba a raba su.

Malamar Hausa, Gwandu:
Gandu ya yi kyau ƙwarai, sai dai yaran birni na yanzu nawa suka san shi? A bar rukuni a rubuce, a kawo gandu a baki. Batun direba kuwa, ni tafinta nake gani. Aikinsa ke nan, Windows ta yi magana ya juya wa kati da yarensa.

Mai gyara, Gusau:
Hajiya Malama, a nan kam ba zan sassauta ba. Lamba 43 ɗin nan da Malam ya kawo, shekaru mun sha wahalarta. Direban NVIDIA na katunan GeForce in ya gane cikin baƙuwa yake sai ya ƙi aiki da gangan, dole mu ɓoye masa KVM mu sauya sunan da yake dubawa. Sai a watan Maris na 2021, da fitowar direba mai lamba 465.89, kamfanin ya buɗe ƙofar ga Windows da ke baƙunta kan Linux. Wanda ke da tsohon direba har gobe zai gamu da ita. Wannan halin direba ne, ya ga hanya ya ce ba ya shiga. Kuma yaron da ya zo shagona ya ce in sa masa tafinta, ni kaina sai na tambaye shi me yake nufi. Malam, ka kuma gaya musu kada su ɓata dare da VirtualBox, wata manhajar tayar da baƙuwa, tun fitowar 6.1 aka cire wannan damar daga cikinsa.

Malamar Hausa, Gwandu:
Na bar maka direba, tunda ya riga ya shiga baki. Amma a bayyana shi da tafinta a layin farko.

Dattijo, Argungu:
Kun ga abin da nike faɗi. Direba ya shige ba wanda ya auna ƙirarsa.

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi:
Baba, Allah shi ƙara girma, ban raina kalmarku ba. Na gwada ta a jimlolin darasin ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a wuri ɗaya, inda nake bayanin dalilin da ya sa aikin ke sauri, kuma a nan na rubuta cewa umurnin baƙuwa zarcewa yake yi zuwa ga kati. Sauran wuraren aro ne ya ɗauka: ta ara, ta ba da aro, ya ƙi aruwa, an mayar. Don haka taken zai zama "Aron katin hoto kai tsaye", a cikin rubutu kuma aron kati. Fasturu zai fito sau ɗaya a shafin farko saboda kasuwa, kamar yadda ɗan'uwana na Gusau ya nema. Direba ya tsaya, kwamfuta ma ta tsaya. Ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, domin aro bai nuna cewa mai masauki tun daga tashi take sakin katin ba, ko baƙuwa ta zo ko ba ta zo ba. A nan jinginar Injiniya ta fi kusa. Wannan sai na cike shi da baki ranar Asabar.

Injiniya, Talata Mafara:
Na karɓa, amma ka gaya muna in ɗaliban sun ruɗe a daidai wurin nan.

Dattijo, Argungu:
Takardarka ta, Malam, ka buga abin da ka ga dama. Ni da jikana zarcau muka cewa, kuma ban janye ba. Allah shi ba da sa'ar darasi.

Ɗalibi, Ƙauran Namoda:
Malam, kafin ka tafi wurin mai bugawa: "allon uwa" da na rubuta a sama, haka ka sa a takardar ko madabod ka bari?