Wace kalma za mu ba "rachat" a labarin kamfanonin zinariya?

Salamu alaikum ƴan uwa, taimako nike nema. Jiya ina juya wani labari daga Faransanci zuwa Hausa don shirinmu na dare a rediyo nan Maradi sai na ci karo da kalmar rachat, wato in wani babban kamfanin haƙar zinariya ya ɗauke wani. Na rubuta "saye" na wuce, amma har na kwanta abin na damuna, don mutumin Ɗan Isa, inda ake haƙar zinariya nan jihar Maradi, in ya ji an ce an sayi mahaƙa abin da zai zo mishi a rai shi ne an sayi rijiya da filin da zinariyar da ke ciki, kamar yadda ake cinikin gona, alhali ba haka ba ne ko kaɗan. A dokarmu ta Nijar abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar ƙasa ne, kamfani permi, wato takardar izinin haƙa, ake ba shi na wasu shekaru. Abin da ke canza hannu hannun jari ne, da ikon cewa a yi ko a bari.

Ku duba mahaƙar Samira can jihar Tillaberi, wadda ta fara fidda zinariya a 2004. Kamfanin Semafo na Kanada ne ke riƙe da kaso mafi yawa, a 2013 ya saida kasonshi ga Sopamin ta gwamnati ya tafi. Ramin bai gusa ba, sai dai mai faɗa a ji ya canza. Shi kanshi Semafo ɗin a 2020 kamfanin Endeavour ya ɗauke shi da mahaƙunshi na Burkina duka. Kuma dalilin da ya sa manyan kamfanoni ke haka a fili yake, daga a gano zinariya zuwa a gina ma'aikata a fara narkawa sau da yawa sai an haura shekara 10 ana zuba kuɗi ba a ga ko dala ba, shi ya sa manya suke barin ƙanana su sha wahalar bincike, in abu ya tabbata su zo su ɗauka gaba ɗaya.

Na gode da amsoshin da kuka turo mini kan wannan tambaya. Malam da ka ce "haɗiye", Allah ya ƙara sani, kalmar tana da daɗin ji amma ta yanke hukunci tun kafin a ba da labari, kamar an yi da ƙarfi, to wani lokaci masu jarin ne da kansu suka jefa ƙuri'a suka yarda. Hajiya kin kawo "gaje", ni dai gado sai an mutu, a nan kuwa ciniki ne. "Haɗewa" kuma ina roƙon mu ajiye ta don fusion, wato in kamfani biyu sun zama ɗaya, tana da wurinta: kamfanonin zinariya Barrick da Randgold sun haɗe a farkon 2019, ba tsabar kuɗi aka ƙirga ba hannun jari aka musanya, sunan Barrick ya zauna amma shugaban Randgold, Mark Bristow, shi ya hau kujerar. Wannan ka ga ba za ka ce wani ya haɗiye wani kai tsaye ba.

Sai ga yayana ya kira ni, shi da ya yi shekara biyu Jado, can arewa jihar Agadez, tun farkon tashin zinariya a 2014, na karanta mishi duka sai ya ce ƙanena ai akala suka saya. Wallahi sai na yi shiru. Raƙumi na nan da kayanshi, hanya na nan, amma wanda ya riƙe akala shi ke cewa gabas ko yamma, shi ke naɗa darakta, shi ke cewa a faɗaɗa rami ko a rufe a sallami ma'aikata. Kuma ba baƙuwa ba ce a bakinmu, kullum muna cewa an juya akalar abu.

Wanda ya ce "ragama" ma bai yi kuskure ba, sai dai karɓar ragama ta riga ta zama ta siyasa, mai sauraro zai zaci mulki ake nufi.

To ni na tsaya kan "sayen akala". Yau da dare haka zan karanta: kamfani kaza ya sayi akalar kamfani kaza, sannan in ƙara jimla ɗaya in ce zinariyar da ke ƙasa tana nan ta ƙasa.