Janareta na miliyan 12: wace hanya za a bi wajen lissafin raguwar darajarsa?

Mai Ruwan Leda: Salamu alaikum. Mun sayi janareta na masana'anta naira miliyan 12, dako da girkawa sun ci dubu 600. Ya za a rubuta raguwar darajarsa, a raba daidai kowace shekara ko a riƙa cire kaso?

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Haɗa dako da girkawa tukuna, kuɗinsa 12,600,000 ke nan. A ce zai yi shekara 5 a sayar da shi 2,600,000. Saura miliyan 10, raba biyar, miliyan 2 duk shekara. In kaso ne, 25 cikin ɗari: shekarar farko 3,150,000, ta biyu 2,362,500, domin daga ragowar ake cirewa.

Injiniya: Alhaji, inji ba ya tsufa da kalanda, da awa yake tsufa. Duba mitar awa. In an ƙiyasta zai yi awa 20,000, a raba miliyan 10 ɗin nan, kowace awa naira 500. Watan da wuta ta zauna kuɗin ya ragu.

Hajiyar Biredi: Miliyan 12 kuma? Sabo ko kwance? Ana samu a takwas.

Ɗan Sabon Gari: Takwas sai dai fentin.

Baban Yara: Duk wannan lissafin takarda ne. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023, mai ware miliyan 2 duk shekara in ya je sayen sabo rabi ba zai kai ba. Littafi na nuna riba, ana rabawa, ashe jari ake ci. Ranar da inji ya buga sai a rufe ƙofa.

Malam Akanta: Ai raguwar daraja ba adashe ba ce, raba kuɗin saye ne a shekarun aiki. Asusun sayen sabo daban ake buɗewa. Kuma masu haraji ba sa karɓar wannan adadin, mayar da shi suke cikin riba su cire nasu rangwamen kadara, wato kason kuɗin injin da dokar haraji ta yarda a cire.

Injiniya: Wanda bai taɓa sauke inji ba zai yanke masa shekaru?

Malam Akanta: Kai ka ba da awa, ni in rubuta.

Ɗan Sabon Gari: Ku kira 'yan jari bola, da sikeli suke gamawa.

Hajiyar Biredi: Ni matatar mai ta jabu ce damuwata. Ana canjawa duk awa 250 amma nozul mai fesa mai cikin inji na toshewa. Ina ake samun ta gaske?